Zobban madubin bindiga: waɗanda na goge da waɗanda na bari

Ranar wata Asabar ce ta ƙarshen Satumba, a filin koyon harbi da ke bayan garinmu a kudancin jihar Wiskonsin ta Amurka. Na kafa takardar saiti a nisan yadi 100, na kwantar da bindiga a kan buhunan yashi, na harba uku. Suka faɗa kusa da juna, kwalin ashana ma zai rufe su. Na bar bututun ya huce na ƙara uku, sai suka koma sama ta hagu da kusan tsawon yatsa. Na murɗa maɓallin saiti, ƙas-ƙas har sau takwas, na sake harbawa. Harsashin ya faɗa daidai inda na baya suka faɗa, kamar ban taɓa komai ba. Wanda ya biyo shi kuma ya zarce inda nake so. Ga zoben da ake juyawa a kusanto da abu ya yi tauri, sai na sa yatsu uku yake motsi, alhali ranar da na fito da madubin hangen nesan da ke kan bindigar daga kwalinsa da yatsa ɗaya nake juya shi.

Dattijon maƙwabcina yana zaune a bencin da ke gefena. Shekara talatin da wani abu ya yi yana aikin injin sassaƙa ƙarfe kafin ya yi ritaya, kuma shi ne ya fara kai ni daji. Bai ce komai ba sai da na ajiye bindigar. Ya ciro fensir daga aljihun rigarsa, ya ja ɗan layi a jikin madubin daidai bakin zoben gaba, ɗaya daga zobba biyun da ke riƙe madubin a kan bindiga, ya ce in ƙara harba biyar. Da na gama muka duba, layin ya matsa gaba, ya bar tazara kamar kaurin farce tsakaninsa da zoben. Madubin yana zamewa. Duk lokacin da bindiga ta yi shuri ta dawo baya da ƙarfi, shi madubin nauyinsa yana so ya tsaya inda yake, sai ya riƙa silalewa gaba a cikin zobban kaɗan-kaɗan.

Abin ya ɗaure mini kai, domin na san irin ɗaurin da na yi wa sukurorin nan. Da ɗan makullin nan mai lanƙwasa na ɗaure su har sai da yatsuna suka yi ja. Na faɗa masa haka. Ya ce, "To ai shi ya sa zoben kusantowa ya yi tauri. Ka matse shi sosai, amma ba ka riƙe shi ba. Matsewa daban, riƙewa daban."

Bindigar tsohuwa ce mai sakata, mai cin harsashin .308, wanda kamfanin Winchester ya fito da shi a 1952 kuma har yau maharban barewa a nan suna ji da shi. Kwance na saye ta a shagon da ke da lasisi, bayan na cike takardar gwamnati an binciki tarihina, kuma kafin nan na yi kwas ɗin koyon ƙa'idar farauta da jihar ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973. Ta zo da mazaunai biyu da ake ɗaura zobba a kansu a gadon bayanta, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne da sukuru biyu, da zobba biyu na baƙin ƙarfe masu faɗin inci ɗaya, irin waɗanda aka raba sama da ƙasa kamar kwano da murfinsa. Madubin ne kawai sabo, mai kusanto da abu daga sau 3 zuwa sau 9.

Lokacin farautar barewa da bindiga a Wiskonsin kwana tara ne kacal, ana buɗe shi ranar Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya na watan Nuwamba. Wato saura mini mako bakwai ko takwas. Ba rasa nama ne ya fi damuna ba. Tun ina makarantar Islamiyya a Zariya na haddace hadisin da ke cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, wanda zai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Bindigar da saitinta ke yawo ba ta da bambanci da dakusasshiyar wuƙa. Harsashin da ya kauce da tsawon tafin hannu shi ne zai fasa tumbi maimakon huhu, dabba ta shiga kurmi ta kwana tana wahala. Wannan ba zan iya ɗauka ba.

Da yamma muka sauka ɗakin ƙasa na gidansa inda bencin aikinsa yake. Na cire sakata, na leƙa ciki na tabbatar babu harsashi, shi ma ya karɓa ya leƙa da kansa, haka muke yi kullum. Muka kwance murafen zobban muka ɗaga madubin. A ƙarƙashin fitila sai ga tabo guda biyu a jikinsa, kowanne kamar jinjirin wata, baƙin fentin ya kankare har farin alminiyom ya bayyana. Ɗaya a bakin baya na zoben gaba, ɗayan a bakin gaba na zoben baya. Sauran wurin da zobban suka rufe kuwa fes, ko ƙwarzane babu. Wato duk faɗin zobban nan, a kan kaifi biyu kawai madubin yake zaune. Shi ya sa duk ɗaurin da na yi bai hana shi zamewa ba, sai dai ya lanƙwasa shi.

Ya bayyana mini abin da ke ciki. Jikin madubi siririn bututun alminiyom ne, a cikinsa kuma akwai wani ƙaramin bututu mai ɗauke da gilasai, wanda maɓallan saiti suke turawa sama ko gefe, wani ɗan sifirin yana dawo da shi. Idan aka matse na waje ko aka tanƙwara shi ko da kaɗan ne, na ciki ba ya samun sakewa. Ka murɗa maɓalli ya ƙi motsi, sai shurin harsashi na gaba ya girgiza shi ya faɗo wurinsa. Abin da na gani a fili ke nan da safe. Sannan ya ɗauki takarda ya yi mini lissafin da har yau ban manta ba. Yadi 100 inci 3,600 ne. Tsakanin zobba biyu kuwa kimanin inci huɗu. Idan zobe ɗaya ya fi ɗan'uwansa tudu da kaurin takardar rubutu guda, wato kashi huɗu cikin dubu na inci, to a yadi 100 kaucewar ta haura inci uku da rabi. Kaurin takarda ɗaya tal.

Ya buɗe wata doguwar akwati. A ciki akwai sandunan ƙarfe gajeru guda biyu, kowanne bakinsa ɗaya an fiƙe shi kamar fensir, ɗaya bakin kuma a shafe. Sai wata sanda doguwa mai nauyi da marfin hannu a tsakiya, da ɗan gwangwanin wani ƙullu mai launin toka. Da na shafa ƙullun tsakanin yatsuna na ji yashi-yashi, sai zuciyata ta tafi Zariya. Man girandin ne, irin wanda Kawuna bakanike yake girandin bawul da shi. Ina yaro nakan tsuguna a garejinsa ina kallonsa ya manna sandar roba a kan bawul, ya riƙa murza ta tsakanin tafukan hannunsa kamar mai burga miya, ya ɗaga, ya juya, ya sake murzawa, har sai bawul da mazauninsa sun ci juna sun zauna daram. Ashe aikin nan da maharban Amurka suke ta muhawara a kansa, na a goge cikin zobba ko kada a goge, shi ne aikin Kawu, ƙarfen ne kawai ya bambanta.

Ni a raina na ɗauka nan take za mu shafa ƙullu mu fara. Dattijo ya ce a'a, sai mun auna. Muka ɗaura gajerun sandunan, ɗaya a kowane zobe, tsininsu yana fuskantar juna. Tsinin na baya ya tsaya ƙasa da na gaba, ya kuma ɗan karkata dama, ido ma yana gani ba sai da gilashi ba. Sai ya kwance su ya juya su, shafaffun bakunan suka fuskanci juna. Ya ce tsini yana iya yaudara, domin sanduna biyu suna iya karkacewa amma tsininsu ya haɗu a wuri ɗaya, kamar raguna biyu masu karo da suka zo ta fuska daban-daban. Shafaffen baki kuwa ba ya ɓoye komai. Idan sandunan suna kan layi ɗaya, bakunan za su haɗu ko'ina, farce ya wuce ta kan mahaɗar ba tare da ya maƙale ba. Namu sama ta haɗu, ƙasa ta buɗe, haske yana ratsawa.

A nan ne na koyi abin da ya fi komai amfani a wannan aikin. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, kafin mu ɗora wa zobba laifi mu duba abin da suke tsaye a kai. Muka cire zobban gaba ɗaya. Mazaunin gaba lafiya lau, ya kwanta a kan ƙarfen bindigar ba motsi. Na baya kuwa, da muka ɗaure sukuru ɗaya muka saki ɗayan, sai ɗaya gefen ya ɗaga. Ya haska tocila ta bayansa, siririn haske ya fito ta ƙarƙashi. Gadon bayan bindigar a wurin ba daidai yake da cikin mazaunin ba. A tsofaffin bindigogi wannan ba baƙon abu ba ne, domin da hannu ake goge su a kan injin walƙiya kafin a yi musu baƙin rini, hannu kuwa yakan ci wani wuri fiye da wani. Idan ka ɗaure sukurori biyun, mazaunin yana bin karkatar ƙarfen, zoben da ke kansa ya bi shi, madubi ya biya bashin.

Da mun fara da guga a wannan halin, da sai mun cinye ƙarfe mai yawa daga cikin zobban kafin su daidaita, watakila har murfi ya haɗu da gindi su daina kama komai. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Abin da muka yi shi ne cike giɓin. Muka shafa man takalmi marar launi a kan ƙarfen bindigar da cikin ramukan sukuru da jikin sukurorin, don kada gam ya kama su. Muka kankare ƙasan mazaunin baya da samfefa, muka wanke da sifirit, muka kwaɓa gam ɗin nan mai haɗi biyu wanda ke bushewa kamar ƙarfe, muka shafa siriri. Mazaunin gaba a ɗaure tamau da zobensa, doguwar sandar a kwance cikin zobba biyun tana riƙe na baya a kan layi, sukurorinsa kuwa an ɗan saka su ne kawai don ramuka su daidaita. Gam ɗin da ya tsattsafo muka share da tsinken auduga. Muka bar shi kwana guda cur.

Washegari da safe, kafin in koma wurin dattijo, na kira Zariya. A can rana ta yi, bambancinmu awa shida ne a wannan lokacin na shekara. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, yau zan yi aikinka. Ina so ka gaya mini, idan kana girandin bawul, yaya kake sanin lokacin tsayawa?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, sai yanzu ka ga amfanin zaman gareji? Ka riƙa gogewa kana dubawa. Idan ka ga zoben toka-toka ya zagaye ba inda ya yanke, ka ɗauke hannunka. Kada daɗin aiki ya ja ka. Ƙarfen da ka ci ba ya dawowa." Na ce, "Na ji, Kawu, Allah ya ƙara girma."

Da muka ɗaga mazaunin, gam ɗin ya ɗauki siffar bayan bindigar sak, gefe ɗaya siriri kamar fatar albasa, ɗaya gefen ya ɗan fi kauri. Muka share man takalmin, muka ɗiga ɗan shuɗin gam na zaren sukuru, muka ɗaure mazaunan biyu. Da muka mayar da zobba, kowanne sai da muka tura shi gaba ya jingina da bangon raminsa kafin mu ɗaure, domin can shuri zai kai shi ko mun ƙi ko mun so. Muka sake ɗaura gajerun sanduna. Tsini ya kalli tsini. Ta shafaffen baki kuwa saura ɗan abu kaɗan, farce yana ɗan jin mahaɗar. Kusan duk karkatar da muka gani jiya daga ƙasa take.

Saura tambayar zobban kansu. Dattijo ya shafe cikin gindinsu da baƙar maka, ya kwantar da busasshiyar sanda ya juya ta sau biyu uku ya ɗaga. Tawadar ta goge ne kawai a wasu 'yan tsibirai, a bakin zobe da wani layi a ƙasa, duka bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Cikin zobban ba a zagaye yake sosai ba, ga tudun rini, ga sawun injin da ya huda su. Ya dube ni ya ce, "Waɗannan kam suna so. Ƙarfe ne, an raba su sama da ƙasa, suna da nama isasshe, kuma ba masu tsada ba ne. Ko ka sayi wasu masu kyau, ko ka goge waɗannan." Na zaɓi gogewa.

Shiri ya fi aikin kansa ɗaukar lokaci. Na liƙe duk wata kafa ta bindigar da salatif, na lulluɓe sauran da tsumma, domin ƙwayar yashin nan ɗaya idan ta faɗa cikin hanyar sakata ko wurin kunama za ta ci gaba da cin ƙarfe har abin da hali ya yi. Na ɗauki ƙusa na yi wa murfin gaba ɗigo ɗaya a bakinsa na gaba, na baya ɗigo biyu, saboda daga yau kowane murfi ya zama na gindinsa, kuma fuskarsa ɗaya ce, ba a musanyawa ba a juyawa. Na shafa ƙullun, mai lamba 220 a ma'aunin kaushin yashi, siriri a cikin zobban da jikin sanda. Na ɗora murafe na ɗaure sukurori har sanda ta fara jin riƙo amma tana iya tafiya.

Sai turawa da jawowa, gaba da baya, ina ɗan murɗa marfin hagu da dama a lokaci guda. Da fari ƙarar kamar ana jan tukunya a kan siminti, ƙarr-ƙarr, har cikin haƙora kake jin ta, sandar kuma tana cijewa a wuri ɗaya duk zuwa. Bayan kamar sau ashirin sai ta saki. Na ƙara ɗaure sukurorin da kwatan juyi kowanne, ta sake cijewa, na ci gaba. Ƙullun da ya fara da toka ya koma baƙi wuluk. Dattijo yana gefe yana tuna mini kada in danna marfin ƙasa da ƙarfi, kada kuma in bar sandar ta fita daga ɗaya zoben, domin amfaninta duka shi ne tana cin zobba biyun a lokaci ɗaya a kan layi ɗaya.

Bayan zagaye biyu na kwance na share na duba. Inda sanda ta ci ya yi fari sol, inda ba ta kai ba yana nan da baƙin rininsa, kamar taswira. Kusan rabi. Na sake shafawa na ci gaba. Ƙarar ta sauya, ta koma sassanyan shuu-shuu, hannu ya daina jin tuntuɓe. A duba na uku farin ya mamaye kamar kashi uku cikin huɗu na kowane zobe, kuma a warwatse yake daga baki zuwa baki, ba a taru wuri ɗaya ba. Akwai wani ɗan baƙin kwari da ya rage a gindin zoben baya, kusa da gefe. Gaskiya hannuna ya so ya bi shi, domin idan ka ga fari yana cin baƙi rai yana so ya ga ƙarshensa. Amma kafin a kai ga kwarin nan sai an sauke duk sauran wurin zuwa zurfinsa, ramin ya ƙara faɗi, giɓin da ke tsakanin murfi da gindi ya ragu. Wannan giɓin shi ne rayuwar zobe, ranar da ya rufe sukuru ƙarfe zai riƙa matsawa ba madubi ba. Na tuna maganar Kawu na ajiye sandar. Masu wannan aiki galibi a kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari suke tsayawa, mu ma a nan muka tsaya. Gugar kanta ba ta kai minti arba'in ba.

Wanki kuwa sai da na yi shi sau uku. Murafe da sukurori a cikin kwanon sifirit da tsohon buroshin haƙori, gindin zobban a inda suke ba tare da na kwance su ba, don kada zamansu ya sauya. Na riƙa sharewa da farin ƙyalle har ya daina ɗaukar baƙi, na bi ramukan sukuru da tsinken auduga ɗaya bayan ɗaya. Akwai asarar da guga take jawowa wadda ba a cika faɗa ba: ƙarfen ya zama tsirara. A ƙasar da za ka fito daga dusar ƙanƙara ka shiga ɗaki mai ɗumi, bindiga ta yi gumi, tsatsa ba ta jira. Dattijo ya ba ni ruwan baƙin rini na sanyi, na shafa, na share, na bar shi ya bushe. Ban bar maiƙo a ciki ba ko kaɗan, wurin riƙo ne.

Da na kwantar da madubin a cikin gindin zobban, sai na ji bambancin a yatsuna tun kafin in ɗora murfi. Ya zauna lub, yana juyawa sumul, babu inda yake rawa. Na sa rigar sanyin da zan sa a daji, na kai kusantowa ƙarshe, na rufe ido na ɗaga bindiga kafaɗa na buɗe, ina matsar da madubin gaba da baya har hoton ya cika da'ira, da tazarar kusan inci uku da rabi tsakaninsa da idona, don kada ya sare mini gira ranar da ta yi shuri. Muka rataye igiya mai nauyi a ƙarshen ɗakin, muka ɗora ɗan filam a kan mazauni, na juya madubin har tsayayyen zaren gicciyen saitin da ake gani a cikin madubin ya kwanta a kan igiyar. Sannan ya miƙo mini sukundireba mai awon ƙarfin ɗauri, wadda take yin ƙas idan an kai adadin da aka saita. Takardar madubin ta ce inci-fam 15 zuwa 18, wato kusan mita-Niyuton biyu, muka saita 17. Na riƙa ɗaurewa a gicciye, kaɗan nan kaɗan can, ina duba giɓin hagu da na dama su yi daidai. Sukurorin murfi ba mu sa musu gam ba, domin jiƙaƙƙen zare yana sa a matse fiye da abin da awo ya nuna. Da ta yi ƙas na farko na tsaya ina mamaki, ɗaurin bai kai rabin wanda na yi da hannu ba. Na taɓa zoben kusantowa, yatsa ɗaya ya juya shi.

Asabar mai zuwa muka koma fili. Na cire sakata na leƙa ta cikin bututu na daidaita shi da takarda a yadi 25, na kawo gicciye wurin, na harba biyu, sannan muka koma yadi 100. Na ja sabon layin fensir. Uku na farko inci ɗaya da ɗan ɗori. Kowane ƙas na madubin kwatan inci ne a wannan nisan, don haka na murɗa goma sha shida dama na harba, goma sha shida sama, goma sha shida hagu, goma sha shida ƙasa. Ramukan suka zana murabba'i mai inci huɗu kowane gefe, na ƙarshe ya dawo cikin 'yan'uwansa na farko. Na ƙare kwali guda, harsashi ashirin. Layin fensir yana manne da bakin zobe.

Bayan mako biyu wani ɗan'uwa ɗan Damagaram da muke sallar Juma'a tare ya sayi sabuwar bindiga, ya ji labarin abin da na yi, ya zo gidana da ita da madubinsa mai faɗin milimita 30. Tun daga ƙofa ya ce, "Malam, na zo ka yi mini irin naka." Na aro akwatin dattijo mai sandunan milimita 30. Tasa ba irin tawa ba ce. A bayanta dogon mazauni ne guda ɗaya mai ramuka a jere, irin wanda ake kira Picatinny, da sunan ma'aikatar makaman sojan Amurka da ke jihar Niyu Jazi, wanda aka tsayar da ma'auninsa a 1995. Zobbansa na alminiyom ne masu kauri, an sassaƙa su biyu tare da injin da kwamfuta ke sarrafawa, an sayar da su a matsayin tagwaye. A takardarsu an rubuta ƙarara kada a goge, wanda ya goge ya fita daga garanti.

Duk da haka na auna, domin takarda ba ta san bindigarsa ba. Na gwada dogon mazaunin da sukurorin gaba kaɗai, sannan da na baya kaɗai, na haska tocila, babu haske. Tsini ya kalli tsini. Shafaffun bakuna suka haɗu, na bi da farce ban ji komai ba. Na shafa maka na juya busasshiyar sanda, tawada ta goge kusan ko'ina. Na ce masa, "Malam, waɗannan ba abin da zan ƙara musu. In na sa musu ƙullu, abin da zan cire shi ne baƙar fatar nan mai tauri da ake yi wa alminiyom, in bar maka ƙarfe mai laushi da rami mai faɗi." Bai ji daɗi ba da farko. Ya ce shi dai yana so a yi komai a gama, kada daga baya a ce da an sani. Na fahimce shi, domin ni ma da wannan zuciyar na sauka ɗakin dattijo. Na ɗauko tsohon hoton madubina mai tabo biyu na nuna masa, na ɗora yatsansa a kan mahaɗar sandunansa. Na ce nawa ciwo gare shi aka yi masa magani, nasa lafiyarsa lau.

Mun daɗe muna hira a kan sauran nau'o'in da ba a kusantar su da ƙullu sam. Akwai zobban da aka tsaga a tsaye, hagu da dama, waɗanda sai an ɗaure su suke ɗaukar siffar bututu, sanda ba za ta gaya maka gaskiyarsu ba. Akwai masu shimfiɗar roba a ciki, irin Signature na kamfanin Burris da Optilock na Sako da Tikka, inda robar take juyawa ta bi kwanciyar madubin da kanta, ba ta kuma barin tabo. Akwai kuma wanda zobba biyun da gindinsu duk daga dunƙulen ƙarfe ɗaya aka sassaƙo su. A ganina da a ce yau zan sake ɗora madubi a kan tsohuwar bindiga mai mazaunai biyu, masu shimfiɗar robar nan zan nema tun farko. Muka ɗora madubinsa, muka ɗaure da awo, gwangwanin ƙullu ko buɗe shi ba mu yi ba.

Ranar Lahadi, kwana na biyu da buɗe farauta, ina zaune a gindin wata bishiya a gonar abokin dattijo, sanye da rigar ruwan lemo, ɗaya daga launuka masu ɗaukar ido da doka ta wajabta, sanyi yana ratsa safar hannu. Wajen ƙarfe bakwai da rabi wata barewa ta fito daga bakin kurmi, kimanin yadi tamanin, ta tsaya ta ba ni gefe. Na ɗora gicciye bayan kafaɗarta, na yi bisimilla, na taɓa kunama. Ta yi taku kaɗan ta faɗi. Na isa da sauri da wuƙata, na same ta da sauran rai na yanka. Harsashin ya shiga inda na aje gicciye. Da na dawo gida da dare na share bindigar, na kai ta ƙarƙashin fitila na duba layin fensir, yana nan a bakin zoben. Washegari na shafa wa sandunan dattijo mai, na naɗe su a tsumma, na kai masa akwatinsa tare da cinya guda.